Kiran Bayan Magariba

Kun taso kuna jin ana cewa Baffanku Sale ne ya ƙwace mini shagona na kasuwar Nguru, kuma ina lura, har yau in an haɗu a taron suna ko ranar Sallah wasunku gaisuwar fatar baki suke yi masa. To ku saurara tun hannuna yana iya riƙe biro. Babu wanda ya ƙwace mini komai. Ni na rufe shagon da hannuna, ni na kai masa makullin har rumfarsa. Dalilin kuwa yana tsakar gida yanzu haka da nake wannan rubutu, yana tsintar shinkafa yana yi wa jikokina faɗa. Mahaifiyarku ce, Hajara.

Mu asalinmu mutanen Haɗeja ne. Kakanku fataucin hatsi ya kawo shi Nguru a zamanin da jirgin ƙasa yake zuwa a cike ya koma a cike. Yaya Sale ya gaji hatsin, ni kuwa, a faɗin Baba, na lalace a kan rediyo. Shagona yana bayan 'yan kifi, saboda haka duk rediyon da na gyara da warin banda take komawa gida, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo da ita saboda haka ba. Da talabijin na gwanjo daga Turai suka fara shigowa, ni ne na fara buɗe cikinsu a garin nan ba tare da na ƙona ba. Ina da ciniki, ina da suna, ina da baƙar zuciya daidai gwargwado, wadda kun san ta ba sai na yi muku bayani ba.

Mahaifiyarku malamar firamare ce a lokacin. Bayan haihuwar autarmu zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, har muka fara fid da rai. Allah ya tashe ta, amma ta tashi ba ta ji, ko ƙarar tsawa. Bakinta lafiya lau, karatunta na nan, sai dai duniya ta rufe mata ƙofa. Aikin koyarwa ya tafi. Da farko tana magana da ƙarfi don ba ta jin kanta, sai mutane su riƙa yi mata alamar ta sassauta, har ta gaji ta daina. Mata su zo gidan su zauna a gabanta suna hira suna dariya, in ta tambayi abin da ake cewa a ce mata ba komai. Wannan kalma ta ba komai ta fi zazzaɓin yi mata illa, kuma har gobe in na ji an faɗa wa kurma ita raina ɓaci yake yi. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa barka. Da yamma mu kunna talabijin, ta zauna tana kallon bakin mai karanta labarai kamar mai kallon ruwa a rijiya mai zurfi babu guga, can ta tashi ta shige ɗaki. Ina rubuta mata abin da na iya a allon yara da alli, amma kafin in gama jimla ɗaya an wuce labari uku. Matar da na aura tana ƙarewa a gabana, ni mai gyara, kuma babu abin da zan kwance in ɗaura.

Ana nan, a farkon wata damina, kafin wayar hannu ta iso mana, manajan ƙaramar tashar talabijin ta Gashuwa ya kawo mini rediyon motarsa. Sabon zuwa ne, daga Damaturu aka turo shi. Ina aiki yana kuka da wani akwati da wata ƙungiya mai taimakon kurame ta ba tasharsu. Aikin akwatin shi ne ya ɓoye rubutu a cikin hoto, ta yadda mai talabijin irin na Turai in ya danna wani maɓalli a rimot zai ga abin da ake faɗa a rubuce a ƙasan allo. Rubutun kuwa daga Nguru ake turo shi, domin a nan aka samu mai saurin bugun Hausa da kwamfuta da layin tarho a wuri ɗaya, wata Babarbariya mai shagon buga takardu da ake kira Ya Falmata. Tana kallon labarai a talabijin ɗinta tana bugawa, wani ɗan ƙaramin akwati mai suna modem ya ɗauki rubutun ya kira tashar ta layin tarho, wani modem ɗin a Gashuwa ya amsa ya miƙa wa babban akwatin. Wanda ya zo ya haɗa kayan ya gwada da rana ya ga suna aiki, ya kama hanyarsa. Tun daga ranar, ko sau ɗaya rubutun bai fito a lokacin labaran yamma ba. Ƙungiyar ta ce in damina ta wuce a haka za ta kwashe kayanta ta kai wata jiha.

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce ya sake faɗa mini daga farko.

Da ya gama na ce masa ni zan karɓi aikin. Amma aikin ba na zuwa a dawo ba ne. Sai mutum ya zauna a Gashuwa yana nan kowace yamma, kuma abin da tashar za ta iya ba ni bai kai a faɗa ba. Na je wurin Yaya Sale da makulli a aljihu. Yana zaune a kan buhu yana duba gero a tafin hannu.

"Habu, kana da hankali kuwa? Ka rufe shago ka tafi bautar akwati?"

"Yaya, saboda Hajara ne."

"Wanda ya ɗora mata Shi zai yaye mata. Kai kuma ka san Nguru. Ka rufe ƙofa wata guda, masu kawo maka gyara sun koyi wata hanya."

"Na sani."

Ya mayar da geron cikin buhu. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo makullin. Zan zuba hatsi a ciki don kada shugabannin kasuwa su ga wuri a banza su ba wani. Amma na faɗa maka gaskiya, ka ji ta."

Abin da ya faru ke nan tsakanina da Baffanku, babu ƙari. Da na koma gida na rubuta wa mahaifiyarku a allo abin da zan tafi yi. Ta karanta, ta goge da gefen zanenta, ta ce da ni a hankali:

"Malam, kada ka sa mini rai a kan abin da ba zai yiwu ba."

Wannan magana da ita na kwana da ita na tashi duk tsawon daminar nan.

Na kama ɗaki a Gashuwa kusa da tashar. Ranar farko na sa Ya Falmata ta kira da hantsi. Modem ya amsa, fitilunsa suka kama, rubutu ya fito, sai dai rabinsa shirme ne, haruffa da alamomi a cakuɗe kamar kaji sun bi ta kan allo. Na gane saurin da na Nguru yake zubo magana ya fi wanda babban akwatin yake iya haɗiya. Na bi littafin da ya zo da kayan, da ɗan Turancina na gyaran rediyo, na daidaita su duka a kan sauri ɗaya, mafi ƙanƙanta. Rubutu ya fito tas. Na ce a raina, ashe abin bai kai ya kawo ba, har na fara tunanin komawa shago. Da aka idar da Magariba na zauna a gaban kayan ina jiran labarai. Fitilar kira ta yi ƙyaf sau ɗaya ta mutu. Shi ke nan. Aka karanta labarai daga farko har ƙarshe, ƙasan allo wayam.

Haka muka yi ta yi. Da rana lafiya, da yamma ƙyaf. Na zargi janareta, domin da yamma a kansa tashar take, na kawo sitabilaiza tawa ta shago na haɗa. Na zargi igiyar da ke tsakanin modem da babban akwatin, na kwance kanta na sake narka dalma a kowane ƙarfe. Na buɗe akwatin haɗin wayoyi da ke jikin bango na tarar da ruwa da 'ya'yan kwaɗi a ciki, na yi murna kamar na tsinci zinariya, na busar da shi na liƙe. Da yamma ƙyaf. Na musanya modem ɗin Nguru da na Gashuwa. Na je ofishin masu tarho na yi musu tijara, na ce layinsu ne yake gajiya da yamma, wani dattijo a cikinsu ya ba ni ruwa ya ce in sha in huce, layi ba jaki ba ne. Ya Falmata kuwa, Allah ya saka mata, kowace yamma sai ta zauna ta buga labaran gaba ɗaya ko da ta san babu inda suke zuwa, wai don hannunta ya saba. Ranar Juma'a nakan hau motar kasuwa mai bi ta Jajimaji in zo gida, wani lokaci mu tura motar a taɓo fiye da yadda ta ɗauke mu. In na shigo mahaifiyarku ba ta tambayata. Fuskata kawai take duba, ta kawo mini abinci. Na ɗaga mata eriya a kan doguwar gora har hoton Gashuwa ya fito garau, na nuna mata maɓallin. Daga baya maƙwabciyarmu ta gaya mini kowace yamma sai ta danna shi.

Gero ya fara fid da kai, manaja ya fara kauce wa idona. Ni ma na fara lissafin yadda zan koma in fuskanci Yaya Sale. Wata Juma'a ina Nguru, sai na ga tun da na fara aikin nan kullum a ɓangaren Gashuwa nake zama da yamma, ban taɓa ganin abin da ke faruwa a inda kiran yake tashi ba. Bayan Magariba na nufi shagon Ya Falmata. Ta tarbe ni da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Malam Habu. Yau kai ne a namu ɓangaren?"

"Ni ne. Kira mu gani."

Ta kira. Shiru, sai rubutu a kwamfuta cewa ba a haɗu ba. Na tambaye ta me ya sa ban ji kukan da modem yake yi in yana kira ba.

"Ai tun makon farko na sa aka kashe shi. Wannan fito nasa har cikin haƙori nake jin sa."

Na mayar da muryar, na ce ta sake. Muka ji lambobin suna tafiya, muka ji ta yi ƙara sau ɗaya a can. Sai aka ɗauka. Muryar wani tsoho ta cika shagon, a natse, da Hausar mutanen Bade.

"Salamu alaikum. Kai ne kuma? Sannu, sannu. Yaya jikin? To, Allah ya ba ka lafiya. Allah ya buɗe bakinka."

Modem yana ta fito, tsohon yana ta amsa masa da sannu. Ni da Ya Falmata muka kalli juna. Ita ta fara dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba, domin na gane muryar. Baba Maina ne, mai gadin tashar, mutumin Dagona, wanda nake gaisawa da shi kullum a bakin ƙofa in ya zo karɓar aiki gab da Magariba.

Washegari ko karyawa ban yi ba na kama hanyar Gashuwa, ina tafe ina tafasa. Na je na tsaya a gindin turken tarho na ɗaga kai da kyau, sai ga wata siririyar waya ta rabu daga layin a cikin rassan darbejiya, ta bi bayan katanga ta shiga ɗakin gadi. Wani tsohon manaja ne ya sa aka ja ta shekaru da suka wuce. Duk ma'aikatan tashar sun san da ita, amma babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wannan ɗan akwati mai fitilu shi ma tarho ne. Da rana ɗakin a kulle yake. Da yamma kuwa rurin janareta ba ya bari a ji ƙararta daga ciki. Da na gaya wa manaja, ya ce in ɗauko filaya in datse ta yanzu yanzu. Niyyata ke nan ni ma, amma na ce bari in fara sauke wa tsohon abin da ke cikina.

Da la'asar sakaliya ya iso da buta da sandarsa. Na tare shi tun bai zauna ba.

"Baba, wa ya ce ka riƙa ɗaukar wayar tasha?"

"Wayar tasha? Ɗana, wannan ai wayar unguwa ce. Duk wanda yake da ɗa a Kano ko Legas, nan yake kira. Haihuwa nan, rasuwa nan. Ni nake kai saƙo gida gida. Shi ya sa ba na bari ta yi kuka biyu. Ka san ko gawa ce ake jira a binne?"

Na ji rabin fushin ya zube. Na ce to mai kiran bayan Magariba fa?

"Wayyo, wannan bawan Allah. Tun farkon damina yake kira, ba ya iya magana, sai fito. Na ce ko bebe ne, ko ciwo ya kama masa harshe, yana neman wani nasa. Yaya zan ajiye masa kan waya? Wanda ya kira ai shi yake sallama. Sai in tsaya in yi masa addu'a har ya gaji ya ajiye."

Na zauna a kan bencinsa. Na yi wata da watanni ina zagin janareta da kwaɗi da ma'aikatan tarho, ashe tausayin wani tsoho ne ya tare hanyar. Na yi masa bayani yadda zai gane. Na ce mai fiton nan na'ura ce, rubutu take kawowa don waɗanda ba sa ji su karanta labarai, kuma in an bar ta ta ɗan yi kuka, 'yar'uwarta da ke ciki za ta amsa. Sannan na gaya masa labarin mahaifiyarku. Ban taɓa gaya wa kowa a Gashuwa ba sai shi. Ya murza carbinsa.

"Ashe matarka nake tare wa hanya. Ka yafe mini, ɗana."

"Babu laifinka, Baba."

"To ita 'yar'uwar tata, in ta ɗauka, tana amsa mata sallama?"

"Tana amsawa, da yarensu."

"To madalla. Ba a bar shi shi kaɗai ba ke nan."

Na koma na ce wa manaja ba zan datse wayar ba. Muka yi sa'insa, ya ce ni ba na jin magana, na ce ya tambayi duk Nguru, ba yau na fara ba. Abin da na yi shi ne na ɗaura ɗan makunni a ɗakin gadi, a hannun Baba Maina. In ya dawo daga Magariba ya kashe wayarsa, in an gama labarai ya kunna. Shi da kansa ya je masallacin unguwa ya sa liman ya sanar, kowa ya gaya wa nasa na nesa kada a kira a wannan ɗan tsakanin. Har ya bar aiki ban taɓa jin ya manta ba ko sau ɗaya.

A yammacin nan na zauna a gaban kayan. Fitilar kira ta yi ƙyaf, ta sake, ta sake. Fitilar da ke kusa da ita ta kama, ta zauna daram. Mai karanta labarai ya yi sallama, sai ga sallamarsa tana tafiya a rubuce a ƙasan allo, fari a kan baƙi. Ma'aikata suka yi ta kabbara. Ni idona yana kan fitilun har aka gama, ina tsoron in na ɗauke kai za su mutu. Gidanmu babu tarho, saboda haka ban san ko tana kallo ba.

Bari in gama muku da maganar shago kafin in kai ku gida. Ƙungiyar ta bar kayanta, tashar ta riƙe ni, na yi shekaru ina kai da kawo tsakanin garuruwan biyu, har layukan tarho na turke suka mutu bayan zuwan wayar hannu, akwatin ma ya bi su. Kafin nan kurame daga Gashuwa har ƙauyukan Bade sun koyi taruwa a gidan duk mai talabijin irin wannan da yamma. Da na dawo Nguru gaba ɗaya, Baffanku ya kwashe hatsinsa ya share shagon ya kawo mini makulli. Masu kawo gyara ne babu, sun koyi wata hanya kamar yadda ya faɗa. Ni na ce ya ci gaba da amfani da wurin. Ƙuncin da kuka sha a shekarun nan, na takalmin makaranta da miya ba nama, ni na jawo muku shi da sanina, kuma in da za a mayar da ni bakin rumfar nan da makulli a aljihu, miƙa shi zan sake yi. Ku je ku gaishe da Baffanku yadda ya kamata.

Washegarin ranar da rubutun ya fara fitowa na nemi izini na hau motar farko. Na iso da hantsi, wandona duk taɓo. Tun daga zaure na ji murya a tsakar gida, da ƙarfi, ba a sassauta ba. Na tsaya na kasa kunne. Ita ce. Maƙwabta mata sun zauna a tabarma, tana gaya musu an ce kogi yana ƙaruwa, masu shinkafa a Dagona su yi hattara, kuma za a zo rigakafin yara mako mai zuwa, kowa ta shirya nata. Wata ta yi mata musu a kan ranar, ta ce ita da idonta ta karanta. Na yi sallama na shiga, matan suka amsa, ta bi idonsu ta juyo ta gan ni. Ta dubi fuskata, ta dubi taɓon.

"Malam, ka ji abin da aka ce jiya a kan hanyar nan taku ta Jajimaji?"

Na girgiza kai. Na nuna idona, na kwatanta mata fitilu da yatsu, don ta gane inda hankalina yake a lokacin.

"Kana cikin tashar amma ba ka ji ba?" Ta turo mini kujera da ƙafa. "Ajiye jakar. Zauna in ba ka labari."